Haƙora Uku Daga Bakin Bahar

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Makka aka haife ni, a gefen da yanzu ake kira Mansur, tun wurin yana bukkokin gwangwani da tsumma. Mahaifina Bakatsine ne, da ƙafa ya zo ta hanyar Sudan. Karatuna bai yi nisa ba, amma bakin dabba kam na san shi, ban kuma taɓa haɗuwa da wanda ya fi ni saninsa ba a unguwarmu. Idan aikin hajji ya zo, alhazai sukan neme ni in raka su sayen dabbar hadaya, don kada a sayar musu da wadda shekarunta ba su kai ba. Makiyayi zai yi ta rantsuwa, ni kuwa sai in kama haɓar ragon, in danna leɓensa da babban yatsa, in ga ko ya yi famfara. In na ce ya isa, ya isa. In na ce da saura, ko an sauke farashi alhaji ba zai saya ba. Tun ina saurayi nake fasa kawunan tumaki da shanu da raƙuma, saboda haka turamen ciki ma na san su kamar yatsun hannuna.

Wannan sanin shi ne ya kai ni ga laifin da zan faɗa. Abin ya faru shekara biyu ko uku bayan an gama yaƙin Turawa, ina da shekara talatin da 'yan kai.

Akwai wani tsoho a layinmu, muna ce masa Baba, Bakabe ne daga gidan Sarkawa masunta. Tare suka tsallako bahar da mahaifina a jirgin ruwa guda, suka zauna maƙwabta har mahaifina ya rasu. Tsakanin Katsinawa da Kabawa akwai wasa, kuma ba mu bar wasan a gida ba, mun zo da shi har Makka. Tun ina rarrafe yake kirana bawansa. Ni kuma da na girma nakan ce masa tun daga bakin layi nake jin ƙarnin kifi in san ya dawo, shi kuma ya ce mahauci ba ya gorin ƙarni. Duk abin da muka faɗa wa juna, ba mai ikon yin fushi. Haka al'adar take.

Makka ba garin masunci ba ne, sai dai Baba ya samo wa kansa hanya. Kowace shekara in alhazai sun watse sanyi ya shigo, yakan hau mota zuwa Jidda, daga nan ya bi gaɓa kudu a kan jaki har wani wuri da kwari ke faɗawa cikin bahar. A can yake kafa bukka wata uku, yana jefa birgi, tarun nan na jifa, yana shanya kifi. In ya dawo matan unguwa su yi ta rububin busasshen kifin miya. Shekararsa ke nan: wata tara yana jira, wata uku yana raye.

Yana da ɗa guda, sa'ana, tela ne a wani shago kusa da Harami, Larabci ya fi sauƙi a bakinsa. Mutumin kirki ne, ya daɗe kuma yana so uban ya daina tafiyar nan. Baba ya haura saba'in, an taɓa samunsa a bukkar da zazzaɓi shi kaɗai. Amma ɗa ba ya ɗaure ubansa, sai dai ya yi ta roƙo.

A shekarar da nake magana an yi ruwa mai yawa, kwarin ya kawo ambaliya ya zaftare gaɓa. Baba ya dawo da kifinsa, ya kuma dawo da wani ƙulli a tsumma. Ya ce da ruwan bahar ya janye, ya tsinci haƙora uku cikin tsakuwa a ƙasan gaɓar da ta zube, kuma biyu daga ciki na dorina ne. Ya ce in haka ne, to a da can akwai kogi a wurin, kogi na ruwan daɗi mai zurfi, don dorina ba ta zama sai a irinsa. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a wurin mai shayi, ya faɗa wa masu ɗebo ruwa. Wanda ya san ƙasar nan, dutse da rairayi da ƙaya, ya san yadda maganar za ta sauka a kunnen mutane. Aka fara cewa rana ta taɓa kan tsoho.

Wata safiya telan ya zo rumfata ina feɗe akuya. Ya ce sun yi magana da Baba sun daidaita: za a kawo mini haƙoran in duba. In na ce na dorina ne, ba zai ƙara hana shi tafiya ba. In na ce ba su ba ne, Baba ya yarda kansa ya fara ruɗewa, zai rataye birgi ya zauna gida. Na tambaye shi wa ya zaɓe ni. Ya ce Baba ne da kansa, ya ce ɗan abokinsa ba zai yi ƙarya a kan haƙori ba.

Saboda haka na san abin da ke rataye a bakina. Ba zan ce ban sani ba.

Bayan la'asar muka haɗu a bencinan mai shayi, inda mazan layi ke zama. An cika, don labari ya zaga. Har da wasu dillalan tumaki Larabawa biyu da nake ciniki da su, sun tsaya shan shayi. Baba ya kwance tsumman ya shimfiɗa a kan benci.

Na farko fari ne mai ɗan rawaya, ba nauyi, dogo. Ban ma ɗauka ba na gane shi: turmin raƙumi ne, wanda bai fi 'yan shekaru da mutuwa ba. Sauran biyun baƙaƙe ne wuluk masu ɗan ja, kowanne ya kai ƙwan agwagwa. Da na ɗaga ɗaya sai hannuna ya yi ƙasa, nauyinsa na dutse ne. Na ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, ya yi ƙara irin ta tsakuwa, ba ta ƙashi ba. Gajere ne mai faɗi, saiwoyinsa kauri ne da su kamar yatsu. Samansa, inda ake tauna da shi, wani farin abu na bahar ya toshe shi ya daskare, ba a ganin zanen. Haƙori ne, babu shakka, kuma na dabba mai cin ciyawa. Amma ba raƙumi ba ne, ba sa ba ne, ba jaki ba ne. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Amsar gaskiya kalma uku ce: ban sani ba. Na ɗaga kai na ga ido wajen ashirin a kaina, da dillalan nan biyu, sai na ji ba zan iya furta ta ba. Ban taɓa faɗinta a kan haƙori ba.

Baba ya ce farin bai tsaya masa ba, ya dai tsince shi a wurin ne. Baƙaƙen yake magana. Ya ce yana yaro mahaifinsa da mutanensa sukan kashe dorina da mashi, shi ake ba kan ya wanke a bakin gulbi, ya wanke ya fi goma.

"Kankare saman nan ka gani," in ji shi. "Allah ya zana ganyen wake a kan turmin dorina. Uku-uku, suna juya wa juna baya. In ba ka same shi ba, ni na ruɗe."

Ban kankare ba. Farin na ɗauka, na ɗaga shi sama kowa ya gani, na nuna musu zanen jinjirin wata da ke kan turmin raƙumi, na miƙa wa dillalan suka gyaɗa kai. Sannan na ce sauran biyun ma 'yan gidansu ne, wani tsohon amale ne ya mutu a gaɓa, gishiri ya ƙona haƙoran ya kumbura su. Na faɗa da muryar da nake yanke wa rago hukunci. Don in rufe maganar sai na jawo wasa.

"Ku yi masa uzuri, Bakabe ne. Ko ruwan alwala ya gani ya kwanta a ƙofar masallaci, kwalekwale zai nema."

Aka kwashe da dariya. Wani ya fassara wa dillalan, su ma suka yi. Baba ya dube ni. Da wani ne ya faɗa, da ya tashi ya yi musu har magariba, don ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Amma Bakatsine ne ya faɗa, kuma cikin wasa, wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ya ji kunya. Sai ya yi dariyar shi ma, ya ce shi ke nan, bawansa ya yanke. Ya naɗe tsummansa ba komai a ciki, ya bar haƙoran a kan benci. Ni na zuba su a aljihu.

Kashegari da rana, lokacin da kasuwa ke mutuwa, na zauna bayan rumfa na matse lemun tsami a kan ɗaya daga cikin baƙaƙen. Farin abin ya yi kumfa. Na yi ta matsawa ina kankarewa da bakin wuƙa, yau kaɗan gobe kaɗan. Ranar ta uku ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Ga su nan, ganyen wake, kowanne da kunne uku, an zagaye su da baki mai sheƙi, suna juya wa juna baya kamar yadda ya faɗa. Mutumin da bai ga ƙarƙashin ɓawon ba ya gaya mini abin da ke ciki.

Duk da haka na nemi mafita. Na je jujin bayan mayanka na tsinto muƙamuƙin raƙumi da na sa da na jaki, na jera su, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Raƙumi da sa wata ne a kansu. Na jaki murabba'i ne mai lanƙwashe-lanƙwashe. Babu mai wake. Na gasa allura ta yi ja na ɗora a kan farin haƙorin, ya yi ƙaurin gashi. Na ɗora a kan baƙin, ko wari babu. Wannan ya daɗe da daina zama ƙashi, ya koma dutse, kuma ba a shekara goma ko ɗari abu ke komawa haka ba. Na kankare na biyun, shi ba zane a kansa, sai tudu-tudu huɗu masu santsi.

Na sa su a gwangwanin da nake ajiye dutsen washi, na rufe, na kai gida na cusa ƙarƙashin akwati. Na gaya wa kaina telan yana da gaskiya, hanyar ba ta tsoho ba ce, ƙila ma ceton ransa na yi. Wannan ƙarya ce ta biyu, ita kuma kaina na yi wa. Abin da na ƙi shi ne in koma bencin nan in ce na yi kuskure a kan haƙori.

Baba ya cika alkawari. Sanyi ya shigo bai tafi ba. Yakan zauna a ƙofar gida da birgin a cinyarsa yana ɗinke inda bai yage ba. Da hantsi ya tafi bazan, wato ma'ajiyar ruwan unguwa inda masu ɗebowa ke cika garewani, ya zauna a gefe inda ruwa ke zuba, ya miƙa ƙafafunsa cikin laka. Abin da ya fi wannan shi ne yadda mutane suka koma amsa masa. In ya yi magana sai a ce haka ne Baba, a juya a ci gaba da hira. An daina kiransa shaidar ɗaurin aure. Sunansa a layi ya koma Baba Ganyen Wake. In na wuce yakan ɗaga hannu ya ce bawansa ya fito, ni kuma in amsa da maganar ƙarni, in ƙara sauri. Na fara aika masa da hanta duk Juma'a. Yana karɓa, yana sa albarka.

Sanyi biyu suka wuce a haka. Ina salla a Harami, ina raka alhazai Mina, ina kama haɓar raguna ina faɗin gaskiya a kan kowanne.

Matata ce ta tono gwangwanin, tana neman dutsen washi. Ita ma 'yar mahauta ce, ta dafa kawunan da ba ta san adadinsu ba. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ce haƙoran raƙumi ne. Ta ɗauki baƙin mai zane ta juya shi a tafin hannunta, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ta ce ita dai wake take gani. Da ta kawo mini abincin rana sai na ga gwangwanin a kan faifai kusa da kwanon miya, a buɗe. Da safe ma haka, kusa da koko. Ban ce ba, ba ta ce ba. Kwana huɗu na iya.

Ranar ta biyar na aika a gaya wa telan ya zo da Baba wurin mai shayi bayan la'asar. Na jira aka cika kamar wancan karon. Na ajiye farin haƙorin da baƙin gefe da gefe, na ce kowa ya ɗauka ya duba. Na nuna musu wata, na nuna musu wake. Na ce wannan na raƙumi ne, wannan kuwa ba na raƙumi ba ne, kuma tun ranar na san ba shi ba ne. Na ce dorina ban taɓa ganinta ba, amma mutumin da ya faɗi zanen da ke ƙarƙashin ɓawo tun ba a kankare ba, shi ne ya san abin da yake faɗa, ni ne ban sani ba. Haƙorin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Mai shayi ya ce lallai wake ne, saura shinkafa. Ba wanda ya taya shi dariya sosai.

Idon Baba ya yi rauni a lokacin. Da haƙorin ya iso gare shi bai kalla ba, babban yatsansa ya ɗora a kai, ya bi zanen a hankali, ganye bayan ganye.

"Ashe ka kankare," ya ce. "Yaushe?"

"Kwana uku bayan ranar, Baba."

Ya hau lissafi, na ga leɓensa na motsi. Na so ƙwarai ya ce bawa dai bawa ne, a yi dariya a tashi. Bai ba ni wannan ba.

"Ubanka yakan ce bai sani ba," in ji shi. "Ban ga ta rage masa komai ba."

Telan ne ya fusata. Ya fara da Larabci, ya dawo Hausa. Ya ce shekara biyu yana wa ubansa magana kamar yaro a kan maganata. Sannan ya ce yanzu kuma na buɗe ƙofar da ya samu ya rufe, in tsohon nan ya mutu shi kaɗai a bakin bahar, wa zai wanke shi? Tambaya ce mai kyau. Na ce alkawarin da suka yi yana nan, Baba ya ci, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, ni zan rufe rumfa in bi shi. Ya dube ni kamar zai ƙara magana, ya dubi uban, wanda har lokacin yatsansa na kan haƙorin. Ya ce wata ɗaya, ba uku ba. Baba ya ce biyu. Aka tsaya a kan biyu.

Da alhazai suka watse muka hau mota zuwa Jidda, muka ɗauki jakuna. Tun kafin a hango kwarin Baba ya ɗaga hanci ya ce mun kusa. Bukkar ta rushe, muka kafa wata. Da ya shiga ruwa ya ɗaga birgin zai jefa, kafaɗar ta ƙi. Zaman shekara biyun nan ya cinye ta. Ya gwada sau uku, birgin yana faɗuwa a dunƙule a gabansa. Ya tsaya ruwa iya gwiwa yana kallon hannunsa, ni kuma ina kallonsa. Daga nan ya miƙo mini birgin ya ce in zo in koyi sana'ar 'ya'ya, ba ta bayi ba. Jifana na farko kaina na rufe da shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun da yake bai taɓa kama Bakatsine mai girman wannan ba, bawansa ya shiga hannu. Ranar ce ya mayar mini da sunan.

Ni na yi jifa wata biyun nan, shi yana nuna mini inda kifi yake da jin motsin ruwa a ƙafarsa. Mun duba ƙasan gaɓar sau da yawa in ruwa ya janye, ba mu ƙara samun haƙori ba, rairayi ya rufe wurin. Bayan wannan ya ƙara zuwa sau ɗaya, tare da ni. A shekara ta gaba ya rasu a ɗakin ɗansa, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Sanyi biyun da na ci masa ba su dawo ba, kafaɗar ma ba ta dawo ba. Ina nema masa gafara, ina nema wa kaina.

Wata rana da hantsi a wancan zuwan na farko, muna zaune muna tsaga kifi, na ciro haƙori na biyu, mai tudu-tudu, na sa masa a hannu. Na ce irin dabbar shi ya sani, amma sanin shekaru aikina ne. Turmin da ba a tauna da shi ba bai ɓullo daga dasashi ba ke nan, zanen sai an ci ciyawa yake fitowa. Wannan ƙarama ce, ba ta gama girma ba ta mutu. Ya shafa tudun ya gyaɗa kai. Ya ce ƙaramar dorina ba ta nisa da uwa, uwa kuma ba ta nisa da garke, saboda haka ba guda ɗaya ba ce ta ɓato, gida ne guda a nan. Ya juya fuskarsa wajen kwarin, busasshe ƙayau har iyakar gani.

"To kai masanin haƙori, ina kogin ya tafi?"

Na ce ban sani ba.

Ya kara hannu a kunne ya matso. "Sake faɗa, bawana. Kunnen nan ya yi nauyi."

Na sake faɗa, da ƙarfi.